Tsakanin Kano da Jidda, Akwai Sudan

Masana taswira sun ƙaddara cewa tazarar da ke tsakanin Kano da Jidda, idan aka bi ta sama miƙe ba tare da ratse ba, ta kai kimanin kilomita 3,400, kuma jirgin da ya tashi daga filin Malam Aminu Kano yakan cinye ta cikin sa'o'i huɗu da rabi ko abin da ya yi kusa da haka, gwargwadon iska da nauyin kaya. Sai dai agogon Hijaz yana gaban namu da sa'o'i biyu, shi ya sa maniyyacin da ya tashi da hantsi yakan tarar la'asar ta yi a can.

Wannan lissafi daidai ne, amma a ganina ya rataya a kan wani sharaɗi da muka daɗe muna gafala da shi, wato aminci a ƙasashen da ke ƙarƙashin fikafikan jirgin. A watan Afrilu na 2023, yayin da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai ya zama wajibi jiragen alhazanmu su yi zagaye, tafiya ta ƙaru da wajen sa'o'i biyu, mai ya ƙaru, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi daga Hukumar Alhazai, alhali Ka'aba tana inda take, Dutsen Dala ma bai gusa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda akasarinmu muka karɓi lamarin a matsayin wahalar kujera da tsadar tikiti kawai. Ƙasar nan da ake kauce mata ita ce tafarkin kakanninmu, waɗanda suka bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙafa da kan jakuna, suna yada zango suna noma da ƙwadago domin neman guzuri, har su isa Sawakin bayan shekaru, su jira jirgin ruwa. Da yawansu, Allah Ya jiƙansu, ba su ƙarasa ba, wasu kuma suka zauna. Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru wanda ya yi shahada a Burmi a 1903, a bakin Shuɗin Nilu ya kafa garinsa, kuma har gobe ana jin Hausa a kasuwannin Gadarif.

Saboda haka haƙƙi ne a kan malaman bita, lokacin da suke koya wa maniyyata hukuncin ƙasaru da wurin ɗaura harami a cikin jirgi, su bayyana musu dalilin tsawaitar tafiyar da kuma su wane ne ke ƙasa suna gudun hijira. Hukumominmu kuwa, da ke da kujera a Tarayyar Afirka, ya kamata su ɗauki sulhun Sudan da irin himmar da suke ba jigilar alhazai kowace shekara, su kuma tanadi hanyar da taimakon jama'a zai isa sansanonin 'yan gudun hijira da ke gabashin Chadi.