Waiwaye: Kambas ɗin Farko na Ɗan Ƙwallon Kwando

Duk wanda ya tashi a Samaru ya san ƙwallon kwando ba baƙon wasa ba ne a Zariya. Shekara da shekaru filayen Jami'ar Ahmadu Bello suna tara yara da yamma, 'ya'yan malamai da 'ya'yan masinjoji, da waɗanda suka tako a ƙafa daga Hayin Dogo da Bomo da Palladan. Koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya mai da Zariya gida, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa wajen koyar da su. A wannan gari Masai Ujiri ya fara taɓa ƙwallon yana ɗan shekara 13, shi ne kuma daga baya ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors har ta ci kofin NBA a 2019. Ana yawan ba da wannan labari, kuma ya cancanci a ba da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke ƙafar yaran da suka cika filayen nan. Mafi yawanmu da kambas ɗin makaranta muka fara, wasu ma na aro.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne tambayar da iyaye ke yi mini yanzu. Uba zai tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, yaron nan ya dame ni da maganar ƙwallon kwando, amma na ga jerin kayan, sun fi ƙarfina." In ka karɓi jerin sai ka ga takalmi mai sunan wani tauraro, da riga mai lamba a baya, da abin ɗaure gwiwa, da na hannu, da ƙwallon fata, da jaka. A waya yaron ya gani. Uban ya lissafa ya ga kuɗin sun kai na buhun abinci, sai ya ce a bari sai an samu hali, halin kuwa ba ya zuwa. Na san yara dogaye masu hannu da aka yi asararsu ta haka, kuma abin yana yi mini ciwo ƙwarai.

Mai koyo abu ɗaya yake buƙatar saya, takalmi. Ƙwallo ta fili ce, ɗaya tana isar mutum goma. Gajeren wando da singileti akwai su a gida. Ko an tashi sayen ƙwallo, ta roba ita ce daidai da filin siminti, domin ta fata an yi ta ne don daɓen katako na cikin ɗaki, siminti yana cinye ta cikin ɗan lokaci. Lamba 7 ta maza manya ce, lamba 6 ta mata, lamba 5 ta ƙananan yara. Shi ke nan an gama da wannan babi.

Takalmin kuwa a Sabon Gari muke nemansa, a wajen 'yan gwanjo. Kasuwar Samaru ma ba a rasa masu baza takalma a bakin titi, musamman in ɗalibai sun dawo hutu, amma zaɓin ya fi yawa a Sabon Gari. Sai mu hau bas, mu wuce Kwangila, mu sauka a kasuwa. Kuma ɗan koyo ba ya zuwa shi kaɗai. Dole wani babba a cikin 'yan wasa ya raka shi, kuma a wajen irin waɗannan yayye na koyi duk abin da na sani game da takalmi.

Wanda ya fi raka mu wani dogo ne mai sanyin magana, Yaya kawai muke ce masa. In ya tsuguna gaban tarin takalma ba ya kallon saman takalmi sam. Kifa shi yake yi ya dubi tafin. Ya goga babban yatsansa a kan zanen roban nan mai kama da ƙashin kifi, ya ji ko da sauran kaifi, musamman a ƙarƙashin tushen babban yatsan ƙafa, inda ɗan wasa yake juyawa. In wurin ya yi sumul ya ajiye, ko da saman yana ƙyalli. Daga nan ya matse dunduniyar da yatsu biyu, in ta lotsa kamar kwali ya ce ba za ta riƙe idon sawu ba. Ya kama gaba da baya ya murɗa, ya lanƙwasa, ya ga ko takalmin yana karyewa a inda yatsu suke lanƙwashewa ko a tsakiya. Sannan ya danna farcensa a soson da ke tsakanin tafi da sama. Soson kirki yana komawa yadda yake. Wanda ya mutu yana riƙe shaidar farce, ko ya fara zubar da gari.

Wannan na ƙarshe shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Wasu takalman ana yin sosonsu da wani sinadari mai suna foliyuretan, wanda danshin iska yake ci a hankali ko da ba a taɓa saka takalmin ba. Sai ka ga takalmi fes, kamar daga kwali aka ciro shi, ashe ya shekara goma a ajiye a wani gida a Turai. A yi wasa biyu da shi tafin ya rabu da saman. Shi ya sa Yaya yake ɗaga harshen takalmin ya karanta ƙyallen da ke ciki, domin kamfanoni irin su Nike suna buga watan da shekarar da aka yi shi a wurin. A wannan ƙyallen kuma ake ganin lambar Ingila da ta Amurka da ta Turai, waɗanda ba ɗaya ba ne, da tsawon ƙafa a santimita, wanda ya fi su duka gaskiya.

Sai an gama wannan duka ake gwadawa, da safa mai kauri, ƙafa biyu, a ɗaure igiya har sama, a tashi a yi tsalle a wurin. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba. Iyaye suna son sayen wanda ya fi ƙafar yaro da lamba biyu don ya daɗe yana sawa, na kuma fahimci dalilinsu, amma ƙafar da ke yawo a cikin takalmi ita ce ke gocewa, kuma kuɗin ɗori ya fi kuɗin kambas.

Ciniki kuma nasa salo ne. "Oga, nawa ne gaskiya?" Mai kaya ya faɗi, Yaya ya taya rabi, a ce albarka, ya miƙe kamar zai tafi, a kira shi. Ranar da aka fasa sabuwar dila ake samun na zaɓe, da tsadarsa. In aka bar kwanaki farashi ya sauka, amma an tsince na kirkin. Mai koyo ya fi dacewa da tsakiya: takalmin da launinsa bai burge kowa ba, ko sunansa ba sananne ba ne, amma tafinsa lafiya lau.

Yau abubuwa biyu sun sauya. Na farko kuɗi. Gwanjon nan daga Turai da Amurka da Asiya yake tasowa, galibi ya biyo ta Kwatano, kuma da kuɗin waje ake sayo dila. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024, gwanjo ya daina zama kayan talaka zalla. Na biyu shi ne jabu. Shaguna sun cika da sababbin takalma masu tambarin manyan kamfanoni, suna sheƙi, farashinsu kusan ɗaya da na gwanjo mai kyau. Yaro zai zaɓi sabon, domin shi ya yi kama da na cikin waya. Ni dai ra'ayina bai sauya ba: tsohon na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Jabu an yi shi ne don ido, tafinsa santsi, ba shi da abin da zai tare nauyin mutum in ya diro. A saka shi zuwa biki ba laifi. A filin siminti kuwa gwiwa ce ke biyan bashin.

Ga yaran da ke ganin sai takalmi mai tsada ake zama ɗan wasa, ina ba su labarin Hakeem Olajuwon. A Legas ya tashi, golan ƙwallon ƙafa ne kuma ɗan ƙwallon hannu kafin ya shiga ƙwallon kwando yana saurayi. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen 'yan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. A lokacin da yake kan ganiyarsa, maimakon ya sa sunansa a takalmin da ya haura dala 100, sai ya haɗa kai da kamfanin Spalding aka yi mai dala 35, ana sayarwa a kantunan talakawa, saboda yana tunanin uwar da ke da 'ya'ya da yawa da ƙaramin albashi. Mutumin da ya kai ƙololuwar wasan ne ya yi wannan hukunci, kuma ina ganin girmansa a nan kamar yadda nake gani a kofunansa.

Bayan saye sai riƙo. Mu a hannu muke ɗauko takalmin wasa, mu taho da silifa, sai a bakin fili mu saka, domin titi da ƙurar hunturu suna cin tafi fiye da wasan kansa. Da an ga baki ya fara buɗewa sai wajen shumeka, ya sa gam ya bi da ɗinki zagaye, tun kafin ɓarakar ta yi nisa. Ba a shanya shi a tsakiyar rana, zafi yana sakin gam. Takalmin da aka yi wa haka yana kai mutum shekara, ya kuma wuce ga na baya.

Wannan wucewa ga na baya ita ce al'adar da nake tsoron ta ɓace. A zamaninmu in babba ya samu sabo, tsohon na ƙaninsa na fili ne, ba sai an roƙa ba, kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Masai Ujiri ya faɗaɗa irin wannan ruhi da gidauniyar Giants of Africa, wadda ta faro da sansanonin horar da matasa a Najeriya a 2003. Ba kowa ke da ƙarfin yin haka ba, amma tsofaffin 'yan wasan unguwannin Samaru da Kongo da Sabon Gari suna da yawa, a Kaduna da Abuja da ƙasashen waje, kuma kusan kowannensu yana da takalmin da ya daina sawa. 'Yan mata ma sun shigo wasan sosai, musamman tun da 'yan wasan Najeriya mata na D'Tigress suka kai zagayen kwata fainal a gasar Olamfik ta Faris a 2024, su ma suna neman na ƙafarsu. Waɗanda suka fi shan wahala su ne dogayen yara masu saka lamba 46 zuwa sama, domin za su iya zagaye kasuwar Sabon Gari kaf ba su samu ko ƙafa ɗaya ba, alhali su ne wasan ya fi buƙata. Duk mai irin wannan lamba a ajiye, ya wanke shi, ya sa masa sabuwar igiya, ya kai wa kocin da ke fili mafi kusa da shi. Kocin ya san yaron da zai ba.