Mahaukacin Fim da Mai Hankalin Daji

Akwai wani fim na Amurka mai suna Split, wanda M. Night Shyamalan ya shirya, aka sake shi a gidajen sinima cikin Janairun 2017, irin finafinan nan da samarinmu ke karɓowa wajen masu tura fim a waya, su kwana suna kallo, gari ya waye su ɗora jayayya a teburin mai shayi. Labarinsa ba shi da rassa da yawa. Wani mutum ne ya sace 'yan mata uku ya kulle su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sannu a hankali suka fahimci cewa mai tsaron nasu yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa da ta raba halinsa gida 23, ta yadda yanzu zai shigo musu da muryar yaro ɗan shekara tara, anjima ya dawo da tufafin mace da lafazinta. Dala miliyan 9 aka kashe masa, wanda a ma'aunin Hollywood ɗan kaɗan ne ainun, ya kuwa dawo da sama da miliyan 270.

Masu kallo a can sun rabu a kansa, domin yayin da wasu suka yi ta yabon James McAvoy bisa yadda ya ɗauki halaye barkatai da fuska guda, masu fama da irin wannan larura da masu kula da su sun yi ƙorafin cewa an mayar da majinyaci dodo, alhali a zahiri shi ne ya fi zama abin tausayi. A nan gida ƙorafin samari daban ne: ba faɗa, ba harbi, sai surutu a ɗaki ɗaya. Duk waɗannan ra'ayoyi na ji su, amma wanda nake ganin ya fi su nauyi a mizani shi ne wanda magidancin Tsiga, ko na Bakori ko Faskari a Jihar Katsina, zai bayar idan aka zaunar da shi ya kalla har ƙarshe, wato cewa fim ɗin bai kai ga tsoron da ya sani ba, kuma illarsa ita ce ɓarawon cikinsa mahaukaci ne.

Mutanen wannan yanki ba a allo suka san garkuwa da mutane ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A farkon Fabrairun 2025 kuma 'yan bindiga suka shiga Tsiga cikin dare suka ɗauke Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban Hukumar Yi Wa Ƙasa Hidima, wanda bai shaƙi iskar 'yanci ba sai a farkon Afrilu, bayan kwana 56. Da ya tsaya gaban manema labarai a Abuja, ya ba da labarin kuraye da suka riƙa kewaya dutsen da aka ajiye su, da yadda masu tsaronsu ke fakewa da su idan sun ji ƙugin jirgin yaƙi. Wanda ya lura da wannan bayani na ƙarshe zai gane cewa mutumin da ya san darajar janar a matsayin garkuwa daga harin sama, ya san lokacin da zai kira waya da lokacin da zai kashe ta kwana da kwanaki don zukatan dangi su yi laushi, ya san cewa bayan an kai kuɗi zai iya ƙara neman babur da katin waya, to wannan mutum da hankalinsa sarai, yana lissafin riba da asara kamar kowane ɗan kasuwa. Abin da ya fi wannan ɗaci kuwa shi ne cewa ba kasafai yakan zo da ka ba. Akwai wanda ya gaya masa wane ya sayar da masara a kasuwar Funtuwa, wane ɗansa ya turo kuɗi daga Legas, kuma wannan infoma sau da yawa yana cikin waɗanda za su zo jaje da safe.

Mahaukaci uzuri ne ga mai kallo, domin idan fim ya ƙare zai iya cewa a ransa, ai wancan ba irinmu ba ne, ya juya ya yi barci. Shari'a ma ta ɗauke wa mahaukaci alƙalami. Wanda ta yi wa tanadin hukunci mai tsanani a babin hiraba shi ne baligi mai hankali da ya tare hanya ya tsoratar da bayin Allah da gangan, kuma labarin wannan mutum, da na maƙwabcin da ya nuna masa ƙofa, shi ne wanda finafinanmu suka fi cancantar su ba da.

A nan ne maganar ta iso Kano. A watan Satumbar 2021, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah, ta ba da sanarwar hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa na iya ɗaukar darasin ɓarna daga cikinsu. A cikin wannan wata ɗin dai aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, ta yadda mutumin Tsiga ya wayi gari ba ya iya kiran ɗan'uwansa ya gaya masa halin da ake ciki, birnin da ke shirya masa finafinai kuma ya yanke cewa ba za a nuna halin nasa ba. Ba na zargin hukumar da mugun nufi. Abin da ta dogara da shi ƙa'ida ce sananniya wajen malamanmu na Malikiyya, wato saddu zari'a, toshe kafar da ɓarna za ta iya biyowa, kuma duk wanda ya taɓa ganin fim ɗin da aka ƙawata ɗan ta'adda da tabarau da kiɗa mai daɗi, har yara suka fara kwaikwayon tafiyarsa a layi, ya san cewa tsoron nata yana da asali.

Sai dai su malaman da suka kafa wannan ƙa'ida ba su bar ta sakaka ba, sun gindaya mata cewa a duba ko kafar tana kai wa ga ɓarnar a galibi, sannan a auna mafsadar da ake gudu da maslahar da za a rasa. Waɗanda suka shiga Ƙanƙara a kan babura ba daga Kannywood suka ɗauko karatu ba, sana'ar ta riga fim ɗinta, ta kuma ci gaba bayan an hana shi, kamar yadda abin da ya faru a Tsiga bayan shekara uku da 'yan watanni ya nuna. Ba da labarin laifi kuma ba koyar da shi ba ne, in ba haka ba da Alƙur'ani mai girma bai kawo mana ƙissar 'yan'uwan Annabi Yusuf, Alaihissalam, da shawarar da suka ƙulla da rijiyar da suka jefa shi ba. An kawo ta ne don ibra, kuma abin lura, masu makircin 'yan gida ne. Abin da ya kamaci mai tacewa shi ne ya sa almakashi inda aka nuna dabarar aikata laifi filla-filla, ko inda aka mayar da azzalumi gwarzo, ya bar sauran.

Game da ƙarancin kuɗi kuwa, wanda masu shirya finafinanmu ke yawan kafa uzuri da shi, ni ina ganin a wannan babi rahama ce. Wanda ba shi da kuɗin hayar motoci da bindigogin wasa da tarin sojojin bogi, dole ya zauna a ɗaki ɗaya da mutanensa, kuma a ɗakin ne garkuwa take. Samarin da suka ce Split ya cika zama ba su san cewa mafi yawan wannan musiba zama ne ba: zaman uwa kusa da wayar da ake ta sa wa caji kada ta mutu a kira, zaman dangi a zaure ana lissafin wace gona za a jinginar, wane sa za a kai kara, wa ya kawo gudummawa wa ya noƙe, da zaman ƙanen da aka zaɓa ya kai kuɗin fansa, yana sane da cewa an sha riƙe ɗan aike. Zaure guda da tabarma da mutum biyar sun isa, ko dajin ma ba sai an nuna ba, murya a waya ta wadatar.

Akwai haƙƙi guda da nake ganin ya rataya a wuyan duk wanda zai yi wannan aiki, wanda kuma babu dokar da za ta tilasta masa, shi ne kada ya ɗauki labarin wani gida na haƙiƙa ya sayar ba da izininsu ba, domin akwai waɗanda suka dawo daga daji da abin da ba su gaya wa ko matansu ba, akwai kuma matan da suka dawo da abin da garinsu bai daina raɗa a kai ba. Ya ƙirƙiri gari, ya ƙirƙiri sunaye, in ya gama ya fara nuna wa waɗanda abin ya taɓa shafa, in sun yarda su kalla, kafin ya kai wa hukuma. Idan kuma ya zo raba matsayi, kada ya ba da na infoma ga ɗan wasan da aka saba gani da jajayen idanu da tabo a kunci. Ya nemi wanda masu kallo suka saba gani a matsayin limami ko baban yarinya mai haƙuri, ya sa shi a sahun gaba na masu jaje, ya bar shi ya fara zuba nasa a cikin kuɗin da ake tarawa.