Ra'ayinmu: Bayan Ƙuri'a, Wa Ke Sauraren Talaka?

Sa'ad da aka kafa jam'iyyar NEPU a birnin Kano ran 8 ga Agusta, 1950, manomin ƙasar Gwarzo ba shi da ta cewa game da mulkinsa. Mai unguwa ya karɓi haraji ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya miƙa wa baitulmalin En'e. Wanda ya tambayi inda kuɗin ya tafi, sai ya sami kansa gaban alƙali. Abin da Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, da abokan gwagwarmayarsa suka koya wa talaka shi ne yin wannan tambayar ba tare da ya tuɓe takalmi ba.

Ba a yi wahalar banza ba. Gyaran 1976 ya kawo majalisun ƙananan hukumomi a madadin En'e, kuma a zaɓen shekarar ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Da PRP ta ci Jihar Kano a 1979, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kuma buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyuka. Daga baya Kabo ta sami tata ƙaramar hukumar, domin a kawo mulki ƙofar gidan jama'a.

To, ya iso ƙofar kuwa? Mu a ganinmu ginin sakatariya ne ya iso, amma shawara ta tsaya a hanya. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 APC ce ta kwashe kujerun shugabanni 44 duka. A na 2024 NNPP ta yi daidai da haka. Ba mu ware wata jam'iyya ba, gama ciwon ɗaya ne. Kansilan da ya san daga sama aka ba shi kujera, sama zai riƙa duba, ba mutanen Getso ko Kutama ko Garo ba. Hotunan Malam kuwa, kowa na manna su a lokacin neman ƙuri'a.

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Madalla da wannan. Amma fa kuɗin da ya kuɓuta daga asusun haɗin gwiwa, in ya faɗa hannun shugaban da ba mai tambayarsa, an gudu ne ba a tsira ba.

Saboda haka muna kira ga majalisun Gwarzo da Kabo su zama na farko. A kafe takardar abin da ya shigo da abin da aka kashe kowane wata, da Hausa, a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa. Kafin a rubuta kasafin shekara, kowane kansila ya tara mazaɓarsa, mata ma a yi musu nasu zaman, jama'a su faɗa da bakinsu: rijiya suke so tukuna, ko rufin makaranta, ko magani a asibiti. Wannan ba mafarki ba ne. Birnin Porto Alegre na ƙasar Brazil ya soma irin wannan tsari tun 1989.

Ma'aikatan baitulmali su ke riƙe da littattafan, su ne za su fitar da lissafin. Ɗaliban Lakwaya da Gude da ke manyan makarantu kuwa, idan sun zo hutu, su karanta wa iyayensu takardar.