Maldives: Ƙasar Musulmi da ke cin abinci daga 'yan yawon buɗe ido

A shekarar 2024 baƙi fiye da miliyan biyu ne suka ziyarci tsibiran Maldives da ke tekun Indiya, ƙasar da al'ummarta ba su kai miliyan ɗaya ba.

Tsibirai ne kusan 1,200 da suka tsiro a kan duwatsun murjani, kuma waɗanda mutane ke zaune a cikinsu ba su wuce 200 ba. Tsarin mulkin ƙasar na 2008 ya tanadi cewa sai Musulmi ne zai zama ɗan ƙasa. Musulunci ya daɗe da kafuwa a can, domin Ibn Battuta, wanda daga baya ya ziyarci daular Mali, ya taɓa yin alƙalanci a tsibiran bayan isarsa a 1343.

To, ta yaya irin wannan ƙasa ke karɓar baƙin da ke zuwa shan giya da wanka a bakin teku?

Dabarar da hukumomi suka bi, bayan buɗe otel na farko a 1972, ita ce raba jaki da kaya. Aka ware wa baƙi tsibiran da babu kowa, kowane otel da tsibirinsa, inda aka halatta sayar da barasa, yayin da aka haramta ta a garuruwan jama'a, ciki har da Male, babban birnin ƙasar. Kuɗi sun shigo, sai dai kaso mai tsoka ya tsaya ne a hannun 'yan tsirarun attajirai da kamfanonin waje.

A 2009 gwamnatin Mohamed Nasheed ta ba talakawa damar buɗe masaukin baƙi a tsibiransu. Matakin ya kai arziki garuruwa irin su Maafushi, amma kuma ya kawo baƙin har ƙofar gida. A ƙarshen 2011 zanga-zangar da ƙungiyoyin addini suka jagoranta ta sa gwamnati ta ba da umarnin rufe wuraren tausa na otel-otel, umarnin da ta janye cikin 'yan kwanaki. Ko ba a faɗa ba, asusun gwamnati ba zai jure fushin masu otel ba.

Barazanar da ta fi girma dai daga tekun take. Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar bai kai tsayin mita ɗaya a kan ruwa ba, abin da ya sa Nasheed ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin teku a watan Oktoban 2009. Ɗumamar ruwa a 1998 da 2016 ta kashe murjani mai yawa, alhali shi ne ke kare tsibiran daga igiyar ruwa, shi ne kuma baƙi ke biyan kuɗi su gani.

Jiragen saman da ke kawo baƙin suna cikin masu fitar da hayaƙin da ke ɗumama tekun, kuma gwamnati ta faɗaɗa filin jirgin sama na Velana domin karɓar ƙarin jirage.