Kimiyya a Gida: Ina Sauran Hasken Rana Yake Tafiya?

A Navrongo, kimanin kilomita 30 daga Bolgatanga, akwai tashar lantarki mai aiki da hasken rana wadda Hukumar Kogin Volta ta buɗe a shekarar 2013, mai ƙarfin megawat 2.5. Irin farantanta ne muke gani a rufin gidaje daga Bawku har Yendi da Salaga. Sai dai farantin kirki kusan kashi 20 cikin 100 kawai na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa wuta. To, ina sauran?

Da silikon ake yin farantin, wani sinadari tsaka-tsaki: bai kai jan ƙarfe kai wuta ba, ba ya kuma tare ta kamar roba. Idan haske ya buge shi, sai ya fizgo wata ƙwaya mai suna elektron daga mazauninta, ya bar gurbi. Tafiyar ƙwayoyin nan zuwa waya ita ce wutar da muke kunnawa. Hasken da bai da ƙarfin fizgo ta, asara ne. Mai ƙarfi kuwa, kamar shuɗi, yakan ba ta fiye da bukata, rarar ta tsiyaye ta zama zafi cikin kimanin kashi ɗaya bisa tiriliyan na sakan.

Ta yaya aka ga abu mai wannan sauri? Da na'urar leza mai walƙiyar da ta fi shi gajarta. Walƙiya ta farko ta tayar da ƙwayoyin, ta biyu ta biyo baya ta duba halin da suke ciki. Da irin wannan dabara Ahmed Zewail, ɗan Masar, ya kalli haɗuwa da rabuwar sinadarai, ya ci kyautar Nobel a 1999.

Tun 1961 Shockley da Queisser suka lissafa cewa faranti irin namu ba zai wuce kusan kashi 30 ba. A 1982 Ross da Nozik suka nuna cewa da za a kama ƙwayoyin kafin su huce, da an kai kashi 66. Har yanzu irin wannan faranti bai shigo kasuwa ba, don haka maigida ya yi hattara da daɗin bakin dillali.

Abin da ke hannunmu shi ne rage zafi. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana cin kusan kashi 0.4. A bazarar Maris da Afrilu, faranti kan wuce digiri 60, ya rasa fiye da kashi 10 na ƙarfinsa. Saboda haka kada a manna shi da kwanon rufi, a bar tazara iska ta ratsa. Ƙurar hunturu kuma a wanke ta da sassafe, kafin gilashin ya ɗauki zafi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.