Wasan launin ido a ajin Jane Elliott

Ranar 5 ga Afrilu 1968, kashegarin kisan Martin Luther King, wata malamar firamare mai suna Jane Elliott a garin Riceville na jihar Iowa, Amurka, ta raba 'yan aji uku gida biyu bisa launin idonsu. Ta ce rukuni ɗaya ya fi basira, ta ƙara musu lokacin wasa, sauran kuma aka rataya musu ƙyalle a wuya.

Kafin a tashi, yaran da jiya suke wasa tare sun koma yi wa juna gori. Waɗanda aka ƙasƙantar suka takure, har lissafin da suka iya ya gagare su. Da ta juya lamarin, ta ce waɗanda suka ɗanɗani wulaƙancin sun fi sassauci.

Masu sukarta sun ce bai dace a gwada wannan a kan yara ba, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ita ta bayyana wa yaran manufarta daga baya. Amma malamin da ya laƙaba wa ɗalibi “daƙiƙi” a gaban aji ba ya komawa ya warware, sunan kuwa yakan bi yaron har filin ƙwallo.