Yaƙin Da Ya Tumɓuke Idi Amin: Nyerere Ya Yi Daidai

Kowa ya sani zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma akwai shirun da ba lafiya ba ne, watau shirun mutanen da tsoro ya rufe wa baki. Irin wannan shiru ne ya lulluɓe ƙasar Uganda tun daga Janairu 1971, sa'ad da Janar Idi Amin ya ƙwace mulki daga hannun Milton Obote.

A 1972 ya kori Indiyawan ƙasar, ya ba su wa'adin kwana 90. A shekarar nan aka sace Babban Joji, Benedicto Kiwanuka, aka kashe shi. A 1977 aka kashe Janani Luwum, babban limamin Kirista. Ana ƙiyasta waɗanda suka hallaka cikin shekara 8 na mulkinsa sun kai wajen 300,000. To, inda Babban Joji bai tsira ba, wurin wa talaka zai kai ƙara?

Duk da haka Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi taronta a Kampala a 1975, har Amin ya zama shugabanta. Shugaban Tanzaniya, Malam Julius Nyerere, ya ƙi halarta. A Oktoba 1978 sojojin Amin suka tsallaka iyaka suka mamaye yankin Kagera na Tanzaniya, ƙungiyar kuwa ba ta tsawata masa ba. Sa'an nan ne Nyerere ya ɗaura yaƙi, tare da 'yan Uganda masu gudun hijira. Ko da Gaddafi na Libiya ya aiko wa Amin gudunmawar sojoji, Kampala ta faɗi ran 11 ga Afrilu 1979.

A taron Monrobiya na Yuli 1979, Janar Obasanjo na Nijeriya ya soki Nyerere, don gudun kada kowace ƙasa mai ƙarfi ta riƙa auka wa maƙwabciyarta. Wannan magana tana da nauyi. Sai dai a lura da abu uku. Amin ne ya fara tsokana. Babu wata kotu ko majalisa da ta rage wadda za ta iya hana shi. Tanzaniya kuma ba ta riƙe ko taƙi ɗaya na Uganda ba, zuwa 1981 ta janye yawancin sojojinta.

Gaskiya ne Uganda ba ta sami natsuwa nan da nan ba. Yusuf Lule ya yi kwana 68 kacal kan mulki, aka kuma sake zub da jini zamanin Obote na biyu. Wannan ya nuna cire azzalumi rabin aiki ne, sauran rabin shi ne kafa shari'a, amma bai zama hujjar a bar shi bisa gado ba.

Afirka ma ta dawo kan ra'ayin nan. Tsarin Tarayyar Afirka na 2000 ya ba ta ikon shiga ƙasar da ake kisan ƙare dangi. An yi iyaka ne don ta tsare talakawa, wanda kuwa ya mai da ita katangar mahauta ya zubar da alfarmarta. Allah ya kiyashe mu da mulkin zalunci.